Zaɓen Abin Niƙan Masoro da Yaji: Abin da Uwargida Za Ta Duba Kafin Ta Biya

Kafin ki ɗaga ƙafa zuwa kasuwa, buɗe kwabar kicin ki duba abin da kike niƙawa a sati. Kayan yaji a gidan Bakano kashi uku ne, kuma kowanne da abin niƙan da yake so. Akwai ɗanyen kayan miya, attaruhu da tattasai da tumatir da albasa, waɗanda markaɗe ko jajjage ake yi musu. Akwai busassu, barkono da citta da kanumfari da kimba, da ake dakawa a tankaɗe a yi yaji. Sai 'yan ƙwayoyi masu tauri irin masoro, waɗanda duk darajarsu tana cikin ƙamshi. Yawancin injinan da suke mutuwa a kicin ba su kai ga tsufa ba, aikin wani kashin aka ɗora musu. Za mu fi daɗewa a kan na masoro, don shi ne mutane suka fi saya da ido, kuma a kansa aka fi yin asarar kuɗi.

Me ya sa masoro yake buƙatar abin niƙansa daban

Zafin masoro daga wani sinadari yake da ake kira fiferin, wanda ya bambanta da kafsaisin mai sa barkono da attaruhu zafi. Zafin yana jurewa, amma ƙamshin yana cikin wani mai ne mai saurin tashi a iska. Muddin ƙwayar tana rufe da ɓawonta, man yana nan, har shekara biyu ko uku in an adana ta a busasshen wuri. Da an fasa ta, ƙamshi ya fara tafiya. A zafin Kano na watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake kaiwa 40, garin masoron da aka bari a leda kusa da murhu ba ya wata guda sai ya koma ƙura mai sa atishawa kawai. Shi ya sa ake son ɗan injin hannu mai niƙa daidai abin da za a zuba a farfesu ko ƙwai a lokacin. Ƙari kuma, in ƙwaya kika saya kin ga abin da kika saya. Gari kuwa, sai dai ki yarda da mai sayarwa.

Abin ba shi da tsayayyen suna a bakin 'yan kasuwa. In za ki Sabon Gari wajen masu kayan kicin, ko manyan kantuna, ko kuma maigida za ki aika, a tafi da hotonsa a waya. In ba haka ba, bilenda za a miƙo, ko abin jajjage.

Abin da yake cikinsa

Komai kyan jikinsa, aikin yana ƙasa. Juya shi ki leƙa gindin. Za ki ga zobe mai haƙora ta ciki, a tsakiyarsa kuma wani dunƙule mai kama da ɗan mazurari, shi ma da haƙora. Dunƙulen yana maƙale da sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu wadda ta ratsa cikin jikin har zuwa kai. In kin murɗa kan, sandar ta juya dunƙulen, ƙwayar masoro ta faɗa tsakanin haƙoran biyu. A inji mai kyau haƙoran hawa biyu ne: manya a sama, su kama ƙwayar su fasa ta, ƙanana a ƙasa, su mayar da ita gari. Wanda haƙoransa duk girma ɗaya ne yana barin ƙwaya tana ta yawo a sama ba ta shiga, ki yi ta murɗawa ba abin da yake fitowa.

Tazarar da ke tsakanin zoben da dunƙulen ita ce laushin niƙa. A yawancinsu ɗan notin da ke saman kai ne yake saita ta. Kin ɗaure shi, sanda ta jawo dunƙule sama, tazara ta matse, gari ya yi laushi. Kin sassauta, ya fito tsaki-tsaki. Akwai ɗan sifirin da yake riƙe saitin. Matsalar irin wannan ita ce notin yana kwancewa da kansa yayin murɗawa, kuma duk lokacin da kika buɗe don ƙara masoro sai kin sake saiti. Waɗanda aka yi wa saitin a ƙasa, zobe mai lamba da ake juyawa yana ƙas-ƙas, sun fi riƙe inda aka bar su. In kuɗin sun kusa, ɗauki mai saitin ƙasa.

Wani abin da zai ba Bakano mamaki: kamfanin Peugeot na Faransa, mai 504 da 505 ɗin nan da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ya fara yin injin niƙan kofi a 1840 da na masoro a 1874, kafin ya taɓa ƙera mota. Har yau ana yin su da sunan Peugeot, kuma tsarin haƙora hawa biyun nan da shi aka san shi.

Ƙarfe, tangaran ko roba

Haƙora iri uku za ki tarar.

Na ƙarfe mai tauri su ne suka fi yankan masoro. Suna da kaifi, suna fitar da gari da yawa a murɗa ɗaya, kuma in ƙaramar tsakuwa ta shiga yawanci cijewa kawai suke yi. Abokan gabarsu biyu ne, ruwa da gishiri. Gishiri yana jawo danshi daga iska ya ci ƙarfen, cikin 'yan watanni ki ga jan tsatsa yana fitowa tare da garin. Don haka injin ƙarfe ba a zuba masa gishiri, ba a kuma wanke shi a ruwa. Akwai na ƙarfe marar tsatsa, ya fi jure damina, amma shi ma ba a ba shi gishiri.

Na tangaran, waɗanda ake rubuta wa siramik, fari ne ko ruwan madara, ba ƙyalli. Ba sa tsatsa, ba sa riƙe ƙamshi sosai, suna niƙa gishiri da masoro da sauran ƙananan ƙwayoyi. Rauninsu shi ne ba sa lanƙwasa, sai dai su ɓantare. Faɗuwa ɗaya a kan tayil, ko tsakuwa ɗaya da aka murɗa da ƙarfi, sai haƙori ya tafi. Ga wadda take sayen masoro a gwangwani a kasuwa, wannan abin lura ne, za mu zo kansa.

Na roba su ne waɗanda suke zuwa a murfin kwalbar masoron kanti. An yi su ne su niƙe abin da ke kwalbar sannan a yar. Mutane suna ɓalle murfin su sake cikawa, a zagaye na biyu ko na uku haƙoran sun dakushe, kuma abin da ya goge daga jikinsu ba wani wuri ya tafi ba sai cikin abinci. Wasu injinan masu kyan katako ma in kin leƙa gindinsu roba ce aka yi wa fenti ruwan azurfa. Ƙwanƙwasa da farce ko da mukulli: ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi kuma yana da sanyi a yatsa, roba tana amsawa a dushe. Araha ba ta ado.

In ɗaya za ki saya kuma masoro kaɗai za ki niƙa, na ƙarfe. In kina son ki riƙa canza abin da kike zubawa, ko ki niƙa gishirin dutse, na tangaran.

Jiki da girma

Katako yana da daɗin riƙo kuma yana kare masoro daga haske, amma yanayin garin nan yana gwada shi. Hunturu yana busar da itace ya tsuke, damina ta kumbura shi. Katakon da bai bushe ba kafin a sassaƙa yana tsagewa daga wajen sukurorin da suka riƙe zoben ƙasa, daga nan zoben ya fara juyawa tare da dunƙulen, niƙa ya ƙare. Duba ko akwai siririn tsagu a nan tun a shago. Jikin roba mai kama da gilashi yana nuna miki saura nawa, sai dai yana karcewa, yana kuma dushewa in man kanumfari ya taɓa shi. Kada ki ajiye shi a taga inda rana take duka. Jikin ƙarfe ba ruwansa da yanayi, amma mai sulɓi yana zamewa a hannun da ya taɓa mai, ki nemi mai ɗan ƙugu ko zane. Akwai na tagulla masu hannun juyawa a sama, irin na Turkiyya da ake kawowa tsaraba. Suna niƙa da sauri da laushi, don asalinsu na kofi ne, amma ba su cika ba da tsaki ba.

Girma kuwa, tsawon santimita 18 zuwa 22 shi ne na girki. Ƙanana na santimita 10 ko 12 na tebur ne, kullum kina cikin cikawa, kuma ba wurin da hannu biyu za su kama. Dogaye na santimita 30 zuwa sama na gidan abinci ne. A gida masoron yana daɗewa a ciki har ya rasa abin da aka saye shi dominsa.

Dubi bakin da ake zuba masoro. In sai kin kwance noti, kin cire kai, sannan ki riƙa tura ƙwaya ta gefen sanda, to rabi a ƙasa zai zube sai in kin naɗe takarda kin yi mazurari. Mai faɗin baki ya fi. Waɗanda haƙoransu suke sama, sai an kifa su ake niƙa, suna da wata fa'ida: ba sa barin baƙin gari a kan tebur ko cikin kwaba.

Masu batir da masu caji suna nan da yawa yanzu, har da 'yar fitila. Ga wadda take fama da ciwon gaɓoɓin hannu suna da amfani ƙwarai. In ba haka ba, motarsu, wato abin da yake juya su daga ciki, ƙarama ce, giyar ciki roba ce, masoro mai tauri yana tsayar da su, kuma in sun lalace ba mai gyara.

Gwaji a gaban mai shago

Ki tafi da cokali ɗaya na masoron da kike amfani da shi a gida, da farar takarda. Mai kayan kirki ba zai hana ki gwadawa ba.

Fara da shi ba komai a ciki. Girgiza sandar da yatsa: in tana rawa gefe da gefe, dunƙulen ba zai zauna a tsakiya ba, gari zai fito wani laushi wani ɓarzajje. Kada ki yi ta murɗa shi wayam da noti a ɗaure, haƙori yana cin haƙori. Zuba masoron, ki ɗaure saitin zuwa laushi, ki murɗa sau goma ta hannun dama, yadda hannun agogo yake tafiya, a kan takardar. Tara garin gefe. Sassauta zuwa tsaki ki sake sau goma. Tarin biyun su bambanta a ido ƙarara. In iri ɗaya ne, saitin ado ne. Dubi yawan abin da ya fito: inji mai kyau a matsakaicin saiti yana ba da abin da ake gani a murɗa goma, kusan rubu'in ƙaramin cokali ko fiye. In sai kin murɗa hamsin kafin ki samu na tukunya ɗaya, ba za ki yi sati biyu ba kin koma ga turmi. Sannan ki baza garin ki duba ko akwai ƙyallin ƙarfe ko ɓurɓushin fenti.

Masoron da kansa

Masoro biyu ne a kasuwa, kuma inji yana jin bambancinsu. Na waje, asalinsa kudancin Indiya ne, yankin Kerala, yanzu kuma Biyetnam ce ta fi kowa nomansa. Ƙwayarsa kusan milimita 5, baƙa, mai tamoji, ba wutsiya. Shi aka ƙera injinan nan dominsa. Farin masoro ɗan itace ɗaya ne da shi, an jiƙa nunannun 'ya'yan ne aka cire ɓawon, kuma yana niƙuwa lafiya. Na gida kuwa, wanda yake fitowa daga dazuzzukan kudu da sauran Afirka ta Yamma, wanda aka saba gani a Kurmi da Rimi wajen masu kayan ƙamshi, ƙwayarsa ta fi ƙanƙanta kuma tana da 'yar wutsiya. Wutsiyar nan ita ce take cushe haƙora. Maganinta: shanya shi a faranti awa biyu a rana, murje shi tsakanin tafin hannu, ki bakace a faifai, wutsiyoyin su fita. A nan ne kuma za ki tsince tsakuwa da ƙasa. Wannan ɗan aikin shi ne tsakanin injin da zai shekara goma da wanda zai ɓantare a watan farko.

Ana cakuɗa masoron waje da busassun 'ya'yan gwanda, don suna kama. Zuba kaɗan a kofin ruwa: cikakken masoro yana nutsewa, 'ya'yan gwanda da holoƙon masoro suna tasowa. Ko ki fasa ɗaya da haƙori, masoro fari ne a ciki kuma nan take zai cije ki a harshe. Wanda kika jiƙa don gwaji kada ya koma inji.

Citta mai ƙwaya tana niƙuwa a wannan inji in an matse saitin. Amma kanumfari, kimba, citta mai yatsu, gyaɗar ƙamshi da busasshen barkono ba nasa ba ne. Kanumfari mai ne da shi, yana danƙarewa a haƙora. Citta zare ce da tauri. Barkono fata ce marar nauyi, ba ta sauka cikin haƙoran, sai ta yi ta lilo a sama.

Cika shi kashi uku cikin huɗu kawai, don ƙwaya ta samu wurin motsi.

In ya daina aiki

Laifin da ya fi yawa shi ne niƙa kai tsaye a kan tukunya mai tafasa. Tururi yana hawa cikin haƙoran, gari ya jiƙe ya zama kamar laka, ya bushe ya toshe, ƙarfe kuma ya fara tsatsa. Niƙa a cokali ko a murfi, sannan ki zuba.

In kina murɗawa ba abin da yake fita, fara da sassauta notin gaba ɗaya, kifa injin, ki bubbuga gindinsa a tafin hannu, ki murɗa baya rabin zagaye sannan gaba. Sau da yawa ƙwaya ce babba ta gindaya. In bai yi ba, juye masoron, ki goge haƙoran da sabon burushin haƙori busasshe, ki sa tsinken sakace ki fitar da abin da ya danƙare. In kai yana juyawa sakayau ba nauyi, to ramin da sanda take shiga a kan ya cinye, kusurwoyinsa sun zama zagaye. A na katako ana iya sa ɗan farantin ƙarfe mai rami kusurwa huɗu a gyara, a na roba ya tafi ke nan. In ya cije ƙam, kada ki sa ƙarfi, tsakuwa ce. A watan Agusta kuwa, in niƙa ya yi nauyi kuma garin yana fitowa a dunƙule, masoron ne ya sha danshi. Juye shi ki ɗan ɗumama a busasshen kasko a wuta kaɗan minti biyu, ya huce sarai, ki mayar. Kada ki ɗiga man gyaɗa a haƙora wai don su yi santsi, man yana kama gari kuma yana yin ɗoyi.

Yajin gida: barkono, citta da 'yan uwansu

Wannan aikin turmi ne tun asali, kuma har yanzu yajin turmi yana da abin da ya fi na inji, don daka ba ya ɗumama kayan. Amma ba kowa ke da tsakar gida ba, kuma maƙwabcin da ke ƙasan bene ba zai gode miki ba. Abin da ya maye gurbinsa shi ne injin busasshen niƙa mai wuta: kofin ƙarfe marar tsatsa, gajerun wuƙaƙe masu kauri a ƙasa, murfi mai maƙalli. Akwai mai cin giram 150, akwai 500, har kilo ɗaya. Na gida ɗaya, mai giram 300 zuwa 500 ya isa. Babba ba ya niƙa abu kaɗan, wuƙar sai ta yi ta kaɗa iska.

Kofin ya zama ƙarfe. Citta da kanumfari suna karce roba su dusar da ita, kuma ƙamshin ba ya fita. Murfin ya kasance da zoben roba mai kamawa, in ba haka ba ƙurar barkono za ta kori kowa daga gidan. Tambayi ko ana samun wuƙa da kabon na canji. Motar irin waɗannan injina tana da 'yan sandunan kabon guda biyu da suke cinyewa da aiki. In sun ƙare inji yana tartsatsi ko ya ƙi tashi, kuma canza su aikin minti goma ne wajen mai gyara. Wasu suna zuwa da na canji a kwali, wannan alama ce mai kyau.

Yanzu maganar lambobin kwali. Za ki ga an rubuta 6000W ko 8000W da manyan baƙaƙe, wato yawan wutar da aka ce injin yana ja. Yi lissafi: soket ɗin gidajenmu na amfiya 13 ne, wutar kuma 230V, in an ninka bai kai 3000W ba. Abin da ya wuce haka ba zai yi aiki a soket ɗin kicin ba, fis zai ƙone. Lambar talla ce. Juya injin ki karanta ɗan tambarin da ke ƙasa, ki kuma ɗaga shi ki ji nauyi. Mota mai wayar tagulla tana da nauyi kuma tana jure zafi fiye da mai wayar alminiyam. A tambarin nan ne kuma za ki duba ƙarfin wutar da yake ɗauka. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka 110V ko 120V ne, kina sa su a soket ɗinmu sai hayaƙi. Ki nemi 220V zuwa 240V.

Yadda ake aiki da shi ya fi komai tasiri a kan kwanansa. Barkono ya bushe har yana karyewa ƙas in an lanƙwasa. Wanda yake lanƙwasuwa ki ƙara shanya shi, wanda ya yi fumfuna a ciki kuma zubar da shi, niƙa ba ya kashe gubar. Cire hancin. Citta ki fara farfasa ta a turmi ta koma kamar ƙwayar wake, don dunƙulalliyar citta tana karya wuƙa. Kimba ma a ɗan daddaka. Cika kofi rabi. Kunna daƙiƙa 30, kashe, girgiza, sake kunnawa. Bayan zagaye uku ko huɗu ki bar shi ya huta minti biyar. Niƙa mai tsawo yana ƙona motar, yana kuma dafa yajin, launinsa ya koma ƙasa-ƙasa, ƙamshi ya gudu. In kin kashe, jira minti biyu kafin ki buɗe, ƙura ta kwanta. Tankaɗe a rariya, tsakin ya koma inji. Ƙuli-ƙuli da daddawa suna da mai, a niƙa su daban a taƙaice, in aka daɗe suna cuɗewa su manne a bango. Gishiri da dunƙulen magi su ne na ƙarshe, a gauraya su bayan an tankaɗe, don suna jawo danshi. Wajen tsaftacewa, niƙa rabin kofin ɗanyar shinkafa ki zubar, ki goge da busasshen tsumma. Ruwa yana bin sandar wuƙar ya sauka cikin mota.

Inda wuta ba ta zama, akwai injin hannu na zubin ƙarfe da ake ɗaurewa a bakin tebur, mai faranti biyu da dogon hannu. Yana niƙa barkono da citta da gyaɗa, amma sai an maimaita sau biyu ko uku, ana matse farantin a hankali. Sabo yana zubar da ɓurɓushin ƙarfe, don haka a fara niƙa masara ko dawa gwangwani biyu a zubar. Tebur kuma ya zama mai kauri, in ba haka ba injin zai ci bakinsa.

Ɗanyen kayan miya

Nan bilenda ce, kuma an fi saninta, don haka a taƙaice. Ta 500W zuwa 750W ta gaskiya ta ishi miyar gida. Irin na Indiya masu kofuna uku na ƙarfe suna da amfani biyu, don ƙaramin kofin yana niƙa busasshen yaji kaɗan, kuma suna da ɗan jan maɓalli a ƙasa wanda yake katse wuta in mota ta yi zafi. In ta mutu ana cikin aiki, rage kayan, jira minti goma, danna maɓallin. Mutane da yawa sun kai wa mai gyara bilenda lafiyayya saboda rashin sanin wannan. Tumatir da albasa su fara shiga don su ba da ruwa, attaruhu da tattasai a sama. Abin da ya fi lalacewa shi ne robar da take haɗa kofi da mota, sai zoben da yake hana yoyo. Duk biyun ana sayar da su, ki tabbatar akwai na irin wadda za ki saya kafin ki biya.

In janareton gidan ƙarami ne, irin wanda ba ya wuce fitilu da fanka da talbijin, bilenda mai 750W za ta durƙusar da shi, don mota tana jan wuta fiye da lambarta a lokacin tashi. Haka in wuta ta zo ba ƙarfi, kika ji bilenda tana gurnani ba ta gudu, kashe ta nan take, a irin wannan halin ne koyil yake ƙonewa. Ranar sai abin jajjage na hannu ko turmi, ko a aika yaro wajen mai markaɗe da ruwan gida a jarka, a kuma ce masa ya bari a ɗauraye injin kafin a zuba naku, musamman in wanda ya riga shi wake ya kawo.